Lambun Saman Bene a Makka: Me Ke Ƙone Mini Shuka, Kuma Me Zan Shuka da Sanyi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shari' Mansur. Haya muke yi a bene, mai gidan kuma ya yarda in yi amfani da saman. Na sha gwada alayyafo da tumatir da na'ana'a a bokiti, su fito da kyau, bayan 'yan kwanaki ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki har su bushe. Na ƙarshe a watan Mayu na shuka, da na ji an ce ruwa ya sauka a gida. Maƙwabciyata Balarabiya ta ce a nan sai da sanyi ake shuka. To wane sanyi, mu da muke kwana da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) har a Janairu? Da me zan fara wanda ba shi da wuya? Yakuwa da attarugu za su yi? Kuma an ce mini ba a yanke tsiro a cikin Harami, shin ya shafi abin da na shuka da hannuna? 'Yata tana aure a Riyad, ita ma tana so ta gwada." Daga wata 'yar'uwa a Makka.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sa wa niyyar albarka. Idan na fahimce ki, kina son sanin abin da ke ƙone miki shuka bayan ta fito lafiya, da lokacin da ya dace a gari mai zafi irin Makka, da kuma ko kayan miyarmu na gida za su yarda su zauna a bokiti. Maganar Harami da ta 'yarki zan zo kansu daga baya. Sana'ata renon tsirrai ce a mashtal, wato wurin reno da sayar da tsirrai, a nan Jidda, kuma yawancin masu zuwa mini da irin kukanki hannunsu ba shi da laifin komai. Abu biyu ne ke cin su: shuka ba a kan lokaci ba, da gishirin da ke taruwa a cikin tukunya. Wanda ya gyara waɗannan biyun ya ci ƙarfin aikin.

Sanyin da shuka ke so

Maƙwabciyarki ta faɗa miki gaskiya. A gida shuka tana bin ruwan sama, hadari ya haɗo a Mayu ko Yuni kowa ya saɓa sungumi. Amma ki tuna, ko a can ba da damina ake samun tumatir da albasa da latas masu kyau ba. Na Kadawa da Kura da fadamun Sakkwato duk da hunturu ake yin su, da ban-ruwa. To a ƙasar nan duk abin da za ki shuka noman rani ne.

A Makka, daga Mayu har ƙarshen Satumba zafin rana yana haura digiri 40 kusan kullum, dare kuma yana tsayawa kusa da 30. Wannan ma a inuwa ake auna shi. Simintin da rana ta wuni a kansa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma bokitin roba, balle baƙi, dafa saiwar da ke jikinsa yake yi. Abin da kika shuka a Mayu ko tsohon mai lambu ne ya tsaya a kansa da wuya ya kai labari. A Janairu kuwa rana tana wajen digiri 30, dare wajen 19. Ke kina jin zafi, amma ga kayan lambu wannan shi ne daidai wa daida. Tumatir idan rana ta wuce 35 kuma dare bai huce ba, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaure ɗa ba. Irin latas kuma idan ƙasa ta yi zafi kusa da 30 ƙin tsirowa yake yi, ko da sabo ne fil, sai mutum ya koma yana zargin mai shago.

Mutanen Najdu suna da lissafinsu na taurari: fitowar Suhail wajen 24 ga Agusta alama ce zafi ya fara ja da baya, wasmi, lokacin da ake sa ran ruwan farko, yana shiga tsakiyar Oktoba, murabba'aniyya kuma, kwana 40 na tsananin sanyi, tana kamawa a farkon Disamba. Za ki ji ana cewa a fara shuka da fitowar Suhail. Wannan na Riyad da Ƙasim ne. Makka da Jidda suna makara sosai, domin a Makka har watan Oktoba rana tana kusa da 40. Saboda haka ga yadda nake shawartar mutanenmu na nan: a farkon Oktoba ki yi renon tumatir da barkono a ƙananan kofuna a inuwa mai haske, ki dasa su bayan mako huɗu zuwa shida. Ganye kuwa ki dakata sai ƙarshen Oktoba ko shigowar Nuwamba, daga nan ki ci gaba da shukawa har Fabrairu. Idan kina son alamar da ba ta buƙatar kalanda, ki hau saman benen bayan sallar Asuba ki taka simintin ba takalmi. Muddin kina jin ɗumin jiya a tafin ƙafarki, da saura. Ranar da kika ji shi da sanyi, ki ɗauko iri. Kuma ki riƙa lissafin shuka da watannin Miladiyya, domin na Hijira suna matsowa da kwana 11 kowace shekara, "bayan Hajji" na bana ba zai zama yanayi ɗaya da na shekaru uku masu zuwa ba.

Abin da ke ƙone bakin ganye

A nan zan daɗe, don ko kin shuka a Nuwamba wannan zai iya biyo ki. Kowane ruwa yana ɗauke da gishiri ko yaya yake. A gonar gida damina tana zuwa ta wanke shi ta kai shi ƙasa. Bokiti ba shi da damina. Kullum kika zuba ɗan ruwa, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin, gobe ki ƙara wani a kai. Bayan 'yan makonni ƙasar ta fi ƙarfin saiwa: ga ruwa nan jiƙe, amma shukar ba ta iya sha. Alamar farko ita ce wadda kika faɗa da bakinki, gefen ganye ya ƙone, tsofaffi kafin sababbi, shukar tana yaushi da rana alhali an ba ta ruwa da safe. Mai ita ta ga yaushi ta ƙara 'yan kofuna, matsalar ta ƙaru.

Idan aka kawo mini irin wannan tukunyar nakan kifar da ita a gaban mai ita. Za a ga farin ɓawo ya zagaye bakin tukunyar da saman ƙasar, idan aka murza shi da yatsa sai a ji ƙaras-ƙaras. Gefen da ke kallon rana saiwoyinsa sun yi ja sun bushe. Can ƙasa kuma caɓi ne baƙi mai wari, saboda ba a huda gindin ba, ko an yi ƙofa ɗaya ta toshe. Sama gishiri, ƙasa ruɓa, shukar tana tsakiya.

Maganin ba kuɗi yake ci ba. Ki huda gindin kowane mazubi ƙofa biyar ko shida masu faɗin ɗan yatsa, ki ɗora shi a kan bulo ko katako don ruwa ya samu hanyar fita, zafin siminti kuma kada ya taɓa shi. Duk ban-ruwan da za ki yi, ki zuba a hankali har sai kin ga yana ɗiga ta ƙasa, sannan ki bari sai saman ya sha iska kafin ki sake. Ki tura yatsa gaɓa biyu a cikin ƙasar: in da laima, ki bari sai gobe. Sau ɗaya a mako biyu ki yi wa kowace tukunya wanka, wato ki kwarara mata ruwa mai yawa ya ratsa ya fita da gishirin da ya taru. Da sassafe ya fi, kuma ki fara zubar da ruwan farko na tiyo idan tankinku a rana yake, don yakan fito da zafi.

Ruwan famfon Makka da Jidda mafi yawansa ruwan teku ne da aka tace a Shu'aiba, gishirinsa ba shi da yawa, yana yi. Inda ake samun matsala shi ne gidan da ake cika wa tanki da wayit, wato tankar ruwa, mai kawo ruwan rijiya, ko wanda ke tara ruwan da filtar kicin ke zubarwa ta baya yana ganin tattali ne, alhali duk gishirin da filtar ta tace a cikinsa yake. Masu sayar da filta suna da 'yar na'ura mai kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan abin da ya narke a ciki. In ta nuna ƙasa da 500 ba damuwa. In ta haura 1,000, a tukunya sai an gauraya da ruwa mai daɗi. Kuma kina da ruwa mai daɗi kyauta: wanda ke ɗiga daga bayan mukayyif kusan babu gishiri a cikinsa. Ba na sha ba ne, amma shuka tana son sa, a zuba a gindi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya ma suna yi. Wanda ya taɓa omo ko bilic ko gishirin girki kada ya kusanci tukunya.

Sai ƙasa. Kada ki ɗebo yashin gini ko na bakin teku. Jar ƙasar da ake sayarwa a mashtal ita kaɗai ma ba ta yi a tukunya, daskarewa take yi ta hana saiwa numfashi, ga nauyi. Ni nakan haɗa kashi biyu na baƙar ƙasar buhu mai bitmos (ruɓaɓɓen gansakuka), kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya na barlayit, farar tsakuwar nan mara nauyi. Ki yayyafa ruwa ki cakuɗa kamar za ki turara dambu: ki dunƙula a hannu ya kama, ki taɓa shi ya wargaje. In ya zama curi ya ƙi wargajewa, laka ta yi yawa. Takin tumaki yana samuwa sosai a Makka, amma ɗanye yana ƙona shuka, yana ƙara gishiri, yana kawo ƙudaje. Wanda ya ruɓe baƙi ne, ba ya wari, ba a gane kashin dabba a ciki. Bayan mako uku da fitowa za ki iya fara ba su takin zamani mai narkewa, irin mai lamba 20-20-20, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita biyar, kowane mako biyu. Kada ki ce bari in ƙara don su yi sauri, shi ma gishiri ne.

Akwai al'ada ɗaya ta gida da nake roƙon mutanenmu su ajiye: barbaɗa toka. A can tana da amfani, domin ƙasar da ruwan sama ya daɗe yana wankewa takan yi tsami, toka kuma ta gyara ta. Ƙasar nan alli ne ya yi mata yawa tun asali, toka ƙara mata take yi. Daga nan sai ki ga sabon ganye yana fitowa rawaya jijiyoyinsa kore, alamar shukar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe daga ƙasar.

Mazubi da wuri

Ba sai kin sayi tukwane ba. Akwatin kumfa farin nan da ake zubo kayan gwari a ciki, wanda za ki samu a kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya ko wajen mai kayan miyan unguwarku, ya fi tukunyar roba, don fari ne, ba ya ɗaukar zafi, ba shi da nauyi. Ganye zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe shi. Tumatir da attarugu da kuɓewa kowane tushe ɗaya yana son bokiti mai cin lita 20. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa ma yana yi na shekara guda. Baƙin bokiti kuwa ki naɗe shi da farin buhu.

Masu 'ya'ya suna son rana ta awa shida ko fiye, masu ganye awa huɗu ta wadatar, kuma ranar safe ta fi ta yamma. A Nuwamba, da kuma daga Maris, ki ɗaura koren ragar inuwa mai tare rabin rana. Ki jera mazuban a gefen bango maimakon ki tara su a tsakiyar rufi, don jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi, kuma kada ko ɗaya ya tare magudanar ruwan saman. Ruwan samanmu kaɗan ne, amma daidai lokacin shukar nan yake zuwa, kuma mu mutanen Jidda ba mu manta ambaliyar Nuwamban 2009 da ta 2022 ba. Abu ɗaya kuma da ba na wasa da shi: kada ki bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya, ko bokitin tara ruwa a buɗe. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a irin wannan ruwan mai tsabta yake ƙyanƙyasa, kuma cutar tana nan a Jidda tun shekarun 1990, a Makka ma akwai ta.

Da me za a fara

Ki fara da abin da zai ba ki sakamako kafin gwiwarki ta yi sanyi. Lansir ne na farko: irinsa shi ne habbar rashad da ke wajen kowane mai kayan ƙamshi, a yafa shi a sama, cikin kwana biyu zuwa uku ya fito, cikin mako biyu an yanka an yi kwaɗo. Jarjir, ganyen salak mai ɗan yaji, na biye da shi, wata guda kin fara tsinka, kuma in kina ɗaukar ganyen gefe kina barin tsakiya zai yi ta tofowa. Fijil, wato radish mai yin ɗan kai a ƙasa, kwana 25 zuwa 30 ya yi, amma sai an rage shi tun yana ƙarami, a bar faɗin yatsu uku tsakanin tushe da tushe, in ba haka ba ganye za ki samu babu kai. Hulbar kicin ɗinki ma tana tsirowa. Ƙa'idar binne iri ita ce zurfin ya zama ninki biyu ko uku na girman ƙwayar, ƙananan kuwa a barbaɗa musu ƙasa kaɗan a danna da tafin hannu. Kada ki juye takardar iri duka rana ɗaya. Ki shuka akwati guda, bayan mako biyu ki shuka wani, don kada su zo miki lokaci ɗaya su ƙare lokaci ɗaya.

Kuzbara, wato koriyanda, ki murza ƙwayar ta rabu biyu, ki jiƙa ta kwana, ki shuka a inda za ta zauna don ba ta son dashe. Ita ce ta fi kowa saurin yin fure da zafi ya taɓa ta, saboda haka Disamba da Janairu ne nata. Baƙdunis, ganyen ƙamshin da Turawa ke kira parsley, yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya leƙo, mutane da yawa sukan zubar da ƙasar a kwana na goma suna cewa irin ya mutu. Na'ana'a kada ki wahala da iri. Ki zaɓi ƙarfafan rassa daga damin da kika saya, ko na Madina ko habaƙ, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa kina canzawa, cikin kwana bakwai zuwa goma fararen saiwoyi za su fito, sai ki dasa. Ki ba ta tukunyarta ita kaɗai a wuri mai inuwar yamma, don in ta samu wuri cinye na kowa take yi. Albasa mai ganye ma haka: ki yanke saman ki yi girki, ki dasa gindin mai saiwa, lawashi zai yi ta fitowa.

Yanzu kayanmu na gida, kuma a nan zaman Makka ya yi miki rana. Alayyafo da lalo da kuɓewa da yakuwa duk 'yan zafi ne, sanyin gaske tsayar da su yake yi, amma sanyin Makka bai kai ya dame su ba. Alayyafo ya fi sauƙi. Mutanen Indiya da Bangaladash suna cin sa sosai, ja da kore, a shagunansu akan samu irin. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, ki gauraya da busasshen yashi kafin ki yafa. Bayan mako uku ki fara cire na tsakani kina miya da su, waɗanda suka rage ki riƙa yanke kansu kina barin ganye huɗu a ƙasa, za su yi rassa. Lalo shi ne mulukiyyar da ke kowace kasuwa, irinta ba ya wuya. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, a ƙulla a ƙyalle a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, a shanya, a shuka. Ganyen ne abinci, ƙwayar irin tana da guba, a ɗauke ta daga inda yara za su kai.

Yakuwa tana da wani hali da ya kamata ki sani kafin ki ce ta ƙi. Tana lissafin tsawon yini. A gida ana shuka ta a Yuni ko Yuli, ta yi ta girma tana ganye, sai yini ya fara gajarta wajen Oktoba sannan ta yi fure ta ɗaure zoɓo. A Makka yinin Disamba bai kai awa 11 ba. In kika shuka ta a Nuwamba, tana tsirowa za ta ɗauka kaka ta yi, sai ta yi fure tana 'yar ƙarama, ganyen bai taka kara ya karya ba. Hanya biyu ce: ko ki yafa ta da kauri ki cire ta gaba ɗaya tana ɗanya shakaf, ko ki jira ƙarshen Fabrairu zuwa Maris lokacin da yini ke ƙaruwa, ki riƙe ta a ƙarƙashin raga ta ba ki ganye har cikin bazara. Ni na biyun na fi so. Rama ma haka take, da wasu irin kuɓewar gida. Don haka kuɓewa gara ki sayi irin ta nan, wadda ake kira bamiya.

Attarugu zai yi, amma na mai haƙuri ne. Ki sami nunanne sosai daga masu sayar da kayan miyar Afirka, ki cire 'ya'yan ki shanya a inuwa kwana biyu, ki rena. Yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, sannan wata huɗu zuwa biyar kafin ki ga nunanne. Ladar haƙurin ita ce ba ya mutuwa da shekara ɗaya. In kin ja shi inuwa da bazara, ya tsallake zafin, shekara ta biyu ya fi ta farko 'ya'ya. Zogale kuma a rabin duro yake so, kina sare kansa kada ya wuce tsayinki. Game da aiko da iri daga gida ta hannun alhazai: shigo da iri da tsiro ƙasar nan yana ƙarƙashin dokar killace kayan gona, kada a jefa bawan Allah cikin matsala a filin jirgi saboda abin da za a iya samu a kasuwa.

Tumatir na bar shi ƙarshe da gangan, don shi ne kowa ke fara so, kuma shi ya fi ba da wahala. In za ki yi, ki zaɓi ƙananan nan na salak, sun fi manya jure zafi. Tushe ɗaya a bokiti, a kafa masa sanda, a riƙa girgiza reshen fure da hantsi don ya ɗaure, tunda saman bene ba kasafai zuma ke zuwa ba. In gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, yawanci ban-ruwa ne ba a kan tsari ba, yau ƙishi gobe ambaliya.

Ƙwari da tsuntsaye

Ki riƙa juya ganye kina duba bayansa sau biyu a mako. Darɓa, masu taruwa a sabon tofo suna barin danƙo, ruwa da ɗan sabulun ruwa mara ƙarfi, ƙaramin cokali a lita, yana maganinsu in an fesa da yamma. Ki gwada a ganye kaɗan tukuna. Man darbejiya da ake sayarwa a mashtal ma yana aiki. Farin ƙuda ƙarami da ke tashi in an taɓa tumatir ya fi haɗari, don shi ke kawo cutar da ke nannaɗe ganye ta mai da shi rawaya. Wadda ta kama ba ta da magani, a tuge ta a ƙulle a leda a jefar. Akwai kuma tsutsar da ke shiga tsakiyar ganyen tumatir tana cin sa ta ciki, wadda manoman Kano da Kaduna ke kira sharon, ita ce ta cinye tumatir a 2016, a nan ma akwai ta. Duk ganyen da kika ga ya yi fari-fari kamar taga da baƙin ɗigo a ciki, ki tsinke shi. Maganin sauro ko na kyankyaso na gida kada ya taɓa abin da za a ci.

Tattabarun Makka kuwa akwatin jarjir guda aikin safiya ɗaya ne a wurinsu. Tunda a Harami ba a cutar da su ba a kuma firgita su, ki rufe da raga tun ranar shuka, kafin su gano wurin. Ragar tana hana kyanwa tona ƙasar ma.

Maganar Harami

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, abin da na karanta a gaban malamai zan faɗa. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana sare itacen Makka da yanke ɗanyar ciyawarta da korar abin farautarta, aka keɓe izkhir, wata ciyawa mai ƙamshi, bisa roƙon Abbas, Allah ya ƙara masa yarda. Malamai sun fahimci hanin a kan abin da ya tsiro da kansa. Ibnul Munzir ya ruwaito ijma'i a kan halaccin ɗibar abin da mutane suka shuka a Harami na amfanin gona da ganyaye da tsirran ƙamshi. Saɓanin da ake da shi a kan bishiyar da mutum ya dasa ne, mafi yawa sun halatta. Saboda haka alayyafonki da na'ana'arki ki yanka ki ci. Abin da ya wuce wannan, kamar ciyawar da ta fito da kanta a tsakar gida, ki kai wa malamin unguwarku.

Ta Riyad

'Yarki kada ta kwafi lissafinki. A Riyad rana a Janairu wajen digiri 20 take, dare ƙasa da 10, wasu dararen ya kusa sifili. Za ta fara ganye tun farkon Oktoba, kuma abin da zai ba ki wahala ita zai yi mata kyau: karas, kabeji, latas mai dunƙulewa, tafarnuwa mai kai, sabanik (alayyafon Turawa). Amma alayyafo da lalo da kuɓewa tsayawa cik za su yi a Disamba da Janairu, ta bar su sai Maris. Kafin nan ta shuka silƙi, wani ganye mai faɗi, yana maye gurbin alayyafo a miya, kuma ya fi yawancin ganye jure gishiri, abin da zai yi mata amfani don ruwan Riyad ana gauraya na teku da na rijiyoyi. Tumatir da barkono ta matsar da su jikin bangon da rana ke duka, ta lulluɓe su da daddare a murabba'aniyya. Aikina a gaɓar teku ya fi yawa, don haka ta haɗa maganata da ta mai mashtal ɗin unguwarsu.

Ban ga saman benenku ba, ban auna ruwanku ba, kuma bangon maƙwabta kaɗai zai iya canza adadin ranar da wurin ke samu. Kuma akwati biyar ko shida ba za su raba ki da kasuwa ba: ganye da kayan ƙamshi za su wadace ki, tumatirin miyar gida kuwa sai an saya. Da Afrilu ya kama, ki bar tushe biyu na jarjir da kuzbara da alayyafo su yi fure su bushe, ki sussuke irin ki zuba a kwalba ki ajiye a ɗaki mai sanyi, ba kicin ba. Na'ana'a da attarugu da zogale ki ja su inuwa. Sauran ƙasar ki jiƙa ta, ki ƙulle a farar leda mai kauri, ki bar ta a rana mako huɗu zuwa shida a Yuli, zafin zai kashe mafi yawan ƙwari da cutar da ke ciki. A Oktoba ki buɗe, ki wanke ta da ruwa mai yawa, ki ƙara ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ki sake cika akwatunan.